Sankarar Bakin Mahaifa: Jawabi ga Iyaye Mata da Maza

Mun san an bar aiki a gona an zo, don haka ba za mu ja magana ba.

Maganarmu a kan ciwon da mata ke ɓoyewa ce, wato sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 kuma suka mutu. A ƙauyukanmu na wajen Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa, sau da yawa akan ce sammu ne, ko jifa, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Ba sammu ba ne. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwar namiji da mace. Tana da yawa ƙwarai, har mace mai miji ɗaya tak tana iya samunta, saboda haka kada a zargi kowa. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarta da wannan ciwo, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Iri biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon.

Yawancin mata jikinsu yakan kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma a jikin wasu takan kwanta, kamar yadda irin ƙuduji yake kwanciya a ƙasa shekaru, sai an shuka dawa ya tashi.

To, me take yi a ɓoye? Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana aika saƙo a cikinta: a rabu a ƙaru, ko a tsaya. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da masana ke kira maikro-RNA, aikinsu tare saƙon da bai kamata ya wuce ba. Wanda ya taɓa noman rani a Watari ya san yadda ake toshe bakin hanyar ruwa da laka idan fangali ya ƙoshi. Aikinsu ke nan. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara ganinsu a 1993, kuma Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka sun sami lambar Nobel a kansu a 2024.

HPV tana yin sinadarai biyu, E6 da E7. E6 yana lalata wani mai gadi da ake kira p53, wanda yake dakatar da ƙwayar halittar da ta lalace. Idan p53 ya faɗi, wani maikro-RNA mai suna miR-34a, wanda yake hana rabuwa barkatai, shi ma sai ya ragu. Wani kuma, miR-21, an iske yana yawaita a cikin ƙarin sankarar, yana toshe saƙonnin da ke kare jiki. Wato inda ya kamata a toshe an buɗe, inda ya kamata a buɗe an toshe. Masana suna binciken ko za a riƙa gane ciwon da wuri ta auna waɗannan abubuwa, amma wannan yana ɗakin bincike tukuna, kada wani mai talla ya ce muku yana da maganinsa.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, ɓarnar nan takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Akwai lokaci.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin farko. Allura ɗaya ce, kyauta. Mun ji ana raɗe-raɗin wai tana hana haihuwa. Irin wannan magana ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yara suka shanye a banza. Allurar ba ta hana haihuwa. Sankarar ce take sa a cire mahaifa. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa da ku ranar da ake yi.

Iyayenmu mata da suka wuce shekarun allura, naku shi ne gwaji. Ana shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa a duba, cikin 'yan mintoci, in an ga wuri ya fara canzawa a yi maganinsa tun bai zama sankara ba. Mace ta fara daga shekara 30. Mai ɗauke da HIV ta fara tun 25, domin haɗarinta ya ninka sau shida. Jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, duk wannan na asibiti ne, ba na jira sai an sayar da amfanin gona ba. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, za su tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ku kuma mazaje, kuɗin mota da izinin fita suna hannunku. In matarka ta ce tana ganin jini, ka raka ta a makon nan.