Maƙoƙo da Aikin Likita: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganata yau a kan maƙoƙo ce, ciwon nan da duk mai cin kasuwar Bichi ko ta Ɗambatta ya taɓa gani.

A gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu, dama da hagu, wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ke fid da sinadarin da ke daidaita ƙarfin jiki da bugun zuciya. In ta rasa aidin cikin abinci sai ta kumbura, kumburin nan kuwa shi ne maƙoƙo, ya kuma fi kama mata. Don haka ne Gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishiri tun 1993. Amma gishiri rigakafi ne. Maƙoƙon da ya daɗe har ya yi ƙulu-ƙulu, gishiri ba ya saɓe shi.

Ba kowane maƙoƙo ake yi wa aiki ba. Amma in ya fara toshe numfashi, ko hana haɗiya, ko dushe murya, ko yana girma da sauri, to, lalle a kai mai shi asibiti. Can za a auna jini, a ɗauki hoton wuya, wani lokaci a tsotso kaɗan da allura a duba, don a tabbata ba ciwon daji ba ne.

Aikin iri uku ne. Na farko, in ɓangare ɗaya ne ya kumbura, shi kaɗai ake cirewa. Galibi ɗayan yakan riƙe jiki. Na biyu, a cire mafi yawa a bar kaɗan. Dā wannan aka fi yi, amma abin da aka bari yakan sāke girma, aiki na biyu kuwa ya fi na farko hatsari. Na uku, a cire duka. Wannan ba ya komowa, sai dai mutum zai riƙa shan ƙwaya ɗaya, levothyroxine, kowace safiya har iyakar ransa.

Kada a ɓoye wa talakawa hatsarinsa. Jijiyar murya tana bin bayan tsokar nan. In ta taɓu, murya takan dushe. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi huɗu manne da ita. In sun raunana, yatsu da leɓe sukan yi mirmir sai an ba da magani. Duk da haka aiki ne sananne. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Theodor Kocher, ya gyara hanyarsa har ya sami kyautar Nobel a 1909. A Kano ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Roƙona gare ku uku ne. Ku gargaɗi dagatai da masu unguwanni su hana sakiya da tsaga a kan maƙoƙo, gama manyan jijiyoyin jini suna nan a wuya, tabon kuma yakan wahal da likita daga baya. Ku ja hankalin magidanta su bar matansu su tafi asibiti. Wanda bai tsananta ba, a shirya masa da kaka, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, kuɗi kuma ya zo hannu. Sa'an nan wanda aka cire wa duka, malamai su riƙa tuna wa danginsa kada ƙwayar ta yanke, don in ta yanke sai kasala da jin sanyi da kumburin fuska su biyo baya.