Jawabi A Taron Ƙungiya: Aikin Toshe Jijiyar Ƙwaƙwalwa, Amfaninsa Da Haɗarinsa

 

Ni dai ba likita ba ne, kowa ya san rumfata ta busasshen kifi. Na miƙe ne saboda gudummawar da kuka tara wa ɗan ƙanena, don ku san inda kuɗinku suka shiga, wani kuma ya ƙaru.

Yaron nan ciwon kai mai tsanani ya kama shi, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Nguru. Wata biyu muka ɓata muna cewa iska ce. Sai da aka ɗauki hoton kansa a Kano aka ga jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwa, abin da likitoci ke kira AVM. Galibi da shi ake haihuwar mutum. Jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi ce ta haɗe kai tsaye da mai mayar da shi, babu ƙanana a tsakani da za su rage masa gudu. Kamar ka saki kogin Gashuwa cikin 'yar kwatar lambu, ai wata rana gefe zai ɓalle. To nasa ya ɓalle.

Aikin toshewar ba a fasa kai. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa, ana kallo a na'ura, sannan a tura wani ruwa mai kama da gam, ya daskare ya toshe wurin. A Amurka aka fara irin wannan aiki, a 1960.

Amma fa akwai haɗari. Gam ɗin kan iya toshe lafiyayyar jijiya, ɓarin jiki ya shanye, ko magana ko gani ya taɓu. Jijiyar kan iya fashewa ana cikin aiki, har a rasa rai. Sau da yawa kuma toshewar kaɗai ba ta gamawa, sai an biyo ta da tiyata ko ƙonawa da haske. Sannan ruwan da ake ɗura wa mutum don hoto ya fito yana wahalar da ƙoda mai rauni. Mutanenmu na Gashuwa, kun san yadda ciwon ƙoda ya addabi garin, ku nemi a fara gwada ta.

A 2014 an fitar da wani bincike mai suna ARUBA kan mutum 223 da nasu bai taɓa fashewa ba. Cikin kusan shekara 3, wajen kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun sami shanyewar jiki ko sun rasu. Waɗanda aka bari kan magani kawai kuwa, wajen kashi 10. Wasu likitoci sun ce shekarun sun yi kaɗan a yanke hukunci. Wanda nasa ya riga ya fashe kuma, maganarsa daban, don ya fi saurin sake fashewa.

Yaronmu sau biyu aka toshe masa, sannan aka yi tiyata. Alhamdulillahi ya koma shago, sai dai hannunsa na hagu bai dawo da ƙarfinsa ba.

Don haka kafin ku sayar da gona ko shanu, ku tambayi likita abu uku: Ya taɓa fashewa? Sau nawa za a yi, kuma me zai biyo baya? In an bar shi fa, me zai faru? Tambaya ba raini ba ce, neman magani kuma ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.