DOGO BA YA BIN KOWA SAI KAYA

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron shekara, a nan Bauchi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 



An nemi in yi magana a kan jirgin ƙasa, saboda takardar da kwamiti yake so ya aika wa wakilanmu game da tashar nan tamu. Na amsa, don kuwa da yawanmu nan dogo ne ya kawo iyayenmu Bauchi. Wasu daga Kano, wasu daga Zariya, wasu daga Katsina, wani leburanci ya kawo shi, wani fatauci, wani dako. Amma kafin mu rubuta takarda, ya kamata mu san waye ya shimfiɗa dogo a ƙasar nan, don me, kuma da kuɗin wa. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun tarar da kasuwa mai tsohuwar hanya. Yadin da aka saƙa a Manchesta sai an kai shi Tarabulus, a ɗora wa raƙuma, a keto hamada wata da watanni ta Gadamas da Gat kafin ya iso Kurmi. Fatu da gashin jimina su koma ta wannan hanya. Wato ƙasa tana hannunsu, amma ribar ciniki tana bi ta hannun wasu, ga kuma Faransa ta kewaye su ta arewa. Abin da ya dame su ke nan. Suna so su juyo da fuskar kasuwar Arewa ta kalli teku, inda jiragensu da kwastan ɗinsu suke.

Ga kuma masu masaƙu na Ingila. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta, don sun gaji da dogara ga audugar Amurka. Aka ce musu ƙasar Kano da Zazzau ƙasar auduga ce, sai suka matsa wa gwamnatinsu lamba a yi dogo.

To, daga ina za a taso? Nan gardama ta tashi tsakanin Turawan su kansu. Hukumar Kudu tana da layinta da ya taso daga Ikko, ya isa Badun a 1901, tana so a ci gaba da shi har Kano don kaya su bi ta tasharta. Gwamna Lugga kuwa yana so Arewa ta yi nata, daga bakin kogin Kwara zuwa Kano, jiragen ruwa su ƙarasa da kaya teku. A 1907 Landan ta yanke hukunci, ta ce a yi duka biyun: a gina Baro zuwa Kano, a kuma miƙo na Ikko ya haɗu da shi. Aka turo Sir Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya yi aikin dogo a Sudan, ya gaji Lugga. Aikin mil 356 ne. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a da kaya a 1912.

Yanzu ku saurari maganar kuɗi, nan ne gizo yake saƙar. Gwamnatin Arewa ta wancan lokaci ba ta iya riƙe kanta. Ba ta da bakin teku, don haka ba ta da kuɗin kwastan, kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya cika mata. Wanda ake ciyarwa kuwa ba a ba shi rance. Sai aka ɗora nauyin bashin, fiye da fam miliyan ɗaya, a kan Kudu, wadda kaso mai yawa na kuɗin shigarta daga harajin barasar da ake shigowa da ita yake fitowa. Kun ga Ingila ta sami hanyar cinikinta, amma 'yan ƙasa ne za su biya.

Akwai kuma biyan da ba a rubuta a littafin akanta ba. Don a rage tsada, ba a ba ɗan kwangila aikin ba, Ma'aikatar Ayyuka ce ta yi shi da kanta, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane. A ce wa dagaci kawo mutum kaza, ko da damina ce, ko gonar mutum ta lalace. Mutanen ƙasar Nupe da Gwari da Zazzau sun sha wannan wahala. Ana biyansu da sule da kwabo, kuɗin kuma su dawo hannun hukuma ta hanyar haraji. Ta haka wuri ya riƙa mutuwa, kuɗin Bature suka kama ƙasa.

Amma ku ga ikon Allah. An yi dogo don auduga, sai manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa tana da masu saye a gida, masaƙa da marina suna biya da daraja. Gyaɗa kuwa ba ta da wuyar noma, in kasuwa ta faɗi a ci abinta. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har wagunu suka kasa. Fatakenmu na goro, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, su ne suka shiga ƙauyuka suna saye. Cikinsu aka sami Alhasan Ɗantata. Ayarin Tarabulus kuwa ya yi ta raguwa har ya ƙare. Layin Baro ma bai daɗe yana tashe ba, don Kwara ba ta ɗaukar manyan jirage sai lokacin cikar ruwa, da aka haɗe da layin Ikko a Minna sai kaya suka koma can. A 1912 aka haɗe hukumomin dogon biyu, a ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗe Kudu da Arewa. Wannan rigima ta dogo da ta kuɗi tana cikin dalilan da Lugga ya kawo na haɗewar.

To ina Bauchi a cikin wannan duka? Ku yi dariya ko ku yi kuka: an yi layin dogo da sunan Bauchi, bai taɓa zuwa Bauchi ba. A lokacin tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Mutanen Liruwen Delma sun daɗe suna narka kuza tun kafin Bature. Da kamfanonin Ingila suka gano yawanta, suka yi ca a kan tsaunin. Da farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai. Kamfanoni suka ce tsadar dako tana cinye musu riba, suka kai kuka Landan. Nan da nan aka soma ƙaramin dogo daga Zariya a 1911, ya bi ta Rahama, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi, na babban layi kuwa ƙafa uku da rabi, saboda haka duk kayan da ya iso Zariya sai an sauke an sake lodi. An yi shi da araha don kuza kaɗai. Da babban layin Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta koma can, ƙaramin ya yi ta rarrafe har aka rufe shi a 1957.

Garin Yakubu, mai sarki mai tuta, ya zauna shekara hamsin yana jin labarin jirgi daga nesa. Don me? Don ba shi da kayan da Landan take nema da gaggawa.

Sai da ɗan ƙasa ya hau kujera. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 ga Hukumar Jiragen Ƙasa, rancensa na farko ga Nijeriya, kuma da yake ba mu sami 'yanci ba tukuna sai da Ingila ta tsaya mana. Da shi aka taso da layin Barno daga Kuru, mil 400. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Shi ma fa ba don kyan fuskarmu banki ya ba da kuɗi ba. An lissafa gyaɗa da auduga da shanun da za su fito daga Bauchi da Gombe da Barno, aka ga za su iya biyan bashi.

Sauran labarin kun san shi da idonku. Fari da ciwon gyaɗa na shekarun 1970 suka karya noma, kuɗin mai suka ɗauke hankalin hukuma, tirela ta ƙwace kaya. Kaya suka bar dogo, dogo ya bar mu. Masu tuwo da masu masauki da 'yan kamasho na bakin tasha, duk kowa ya kama gabansa.

A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna da rancen Sin. A 2021 aka buɗe na Ikko zuwa Badun, a shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi da gyaran layinmu na Fatakwal zuwa Maiduguri. Ƙaddamarwa daban, jin ƙarar jirgi a Bauchi daban.

Saboda haka ga shawarata ga kwamiti. Kada mu rubuta takardar roƙo, a ce a tausaya mana. Ba a taɓa shimfiɗa dogo don tausayi ba. Mu rubuta takardar lissafi. A zaɓi samari masu karatu su zauna da dillalan hatsi da na shanu da masu siminti da taki, a rubuta mota nawa take fita kowane mako, ina take zuwa, nawa ake biya. Wannan shi ne harshen da masu ba da rance suke ji. Sa'an nan mu tambayi wakilanmu, ba tsoro: wa zai ba da rancen, shekara nawa, ruwa nawa, da me za a biya? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jikokinmu ne za su riƙe askar.

Abu na ƙarshe, kuma wannan tsakaninmu ne. Wanda ya sayi ƙarfen dogo daga hannun ɓarawo, ko ya kafa gini a kan filin tasha, ya sani guminsa na kakanni yake sayarwa, kuma shi ma yana cikin masu hana jirgi dawowa. Mu tsawata wa 'ya'yanmu, mu faɗa wa juna gaskiya.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa, inda na yi kuskure ku gafarce ni. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Bauchi.