Kwafi Biyu na IBM MQ a Na'ura Ɗaya: Wace Hanya Manhajarka Take Bi?



IBM MQ manhaja ce mai ɗaukar saƙo daga wata manhaja ta ajiye shi a layi har mai karɓa ya shirya. Ta fito a 1993 da sunan MQSeries, aka mayar da ita WebSphere MQ a 2002, sannan IBM MQ a 2014. Bankuna da kamfanonin jiragen sama na dogara da ita, don saƙon kuɗi bai kamata ya ɓata ba, bai kuma kamata ya isa sau biyu ba.

Kafin sigar 7.1 ta 2011, a Linux kwafi ɗaya kawai ake girkawa, mazauninsa /opt/mqm. Daga wannan siga aka ba da damar girka kwafi da yawa a na'ura ɗaya, kowanne a inda aka zaɓa masa. Alheri ne babba, domin ana iya gwada sabuwar siga tsohuwar tana aiki. Sai dai kwafi ɗaya tak ake iya naɗawa babba, da umarnin setmqinst, kuma shi kaɗai ake yi wa alamomin nuni a /usr/lib da /usr/bin. Sauran, tsarin na'ura bai san da zamansu ba sai an gaya masa.

Ga abin da ke faruwa. An girka kwafi na biyu a /opt/mqm2, an tada manhaja, sai ta mutu nan take tana cewa ba ta ga laburaren libmqm_r.so ba. Fayil ɗin kuwa yana nan lafiya lau a /opt/mqm2/lib64. Mai loda laburare ɗan aike ne, kwatancen da aka ba shi kaɗai yake bi, ba ya tambayar maƙwabta.

Maganin da IBM ta tanada shi ne setmqenv, kuma a nan nake so mu tsaya. Ana rubuta shi haka: . /opt/mqm2/bin/setmqenv -s -k

Ku lura da ɗigon farko da tazarar da ke bayansa. In babu shi, umarnin zai gudana a wani zama na daban, ya gama, gyaran ya tafi da shi, kai kuma ka zauna kana zaton ka yi aiki. Harafin -s yana nufin kwafin da aka kira umarnin daga cikinsa. Shi kuwa -k shi ne ke saka hanyar laburaren a farkon LD_LIBRARY_PATH, ko LIBPATH a AIX, yayin da -l ke saka ta a ƙarshe. In ba ka sa ɗayansu ba, za ka ga umarnan MQ suna amsawa, dspmqver ya nuna maka sigar da kake so, amma hanyar laburare tana nan yadda take. Wannan ya fi komai yaudarar mutane.

Ko bayan haka akwai sauran rina a kaba. Tsofaffin manhajoji da yawa an haɗa su ne da hanyar /opt/mqm/lib64 a dashe cikin jikinsu, abin da ake kira RPATH. A Linux ana duba RPATH kafin LD_LIBRARY_PATH, amma ɗan'uwansa RUNPATH, wanda shi ma dasa shi ake yi, ana duba shi bayan LD_LIBRARY_PATH. Harafi kaɗan ne bambancinsu a rubuce, amma shi ke yanke wanda zai yi rinjaye. Umarnin readelf -d zai nuna maka wanne aka dasa, ldd kuma ya nuna fayil ɗin da za a loda a zahiri. Kada ku amince da zato alhali waɗannan biyun suna hannunku. Haka nan manhajar da ke ɗauke da setuid ba ta kula da LD_LIBRARY_PATH sam, saboda tsaro.

To, ina ya dace a rubuta wannan saiti? Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne. Kada a bar shi a .profile na ma'aikaci, domin cron da systemd ba sa karanta shi. Manhajar za ta yi aiki da rana a hannun mai gwaji, ta ƙi tashi da tsakar dare bayan na'ura ta sake kunnuwa, saƙonni su taru a layi babu mai ɗauka. Kada kuma a jefa shi cikin /etc/ld.so.conf, don yin haka naɗa babban kwafi ne ta bayan gida, kuma zai shafi kowace manhaja a na'urar. Mazauninsa shi ne fayil ɗin da ke tada manhajar ita kanta, inda wanda zai gaje ka a aikin zai buɗe ya ga wane kwafi take amfani da shi.

Kafin ku taɓa komai, ku fara da dspmqinst, ya lissafa muku kwafin da ke na'urar da wanda yake babba. Kowane manajan layi, wato ɓangaren MQ da ke kula da layukan saƙo, yana ɗaure da kwafi guda, kuma in kuna son mayar da shi wani, sai an tsayar da shi, sannan a yi amfani da setmqm daga kwafin da zai koma.