Bayan an gama ganawa da likita

Ya ƴan'uwa Musulmi, cikinmu akwai waɗanda fargaba da ciwon damuwa suka kama, suka yi ta ganawa da likita ta wayar salula har aka kammala. Kada mu ce raunin imani ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya nemi tsarin Allah daga baƙin ciki.

Barci na raguwa a wannan wata, ciwon kan dawo. In ƙirji ya ƙuntata bayan sahur, mu zauna, mu ja numfashi a hankali, mu rubuta tunanin da ya taso, mu auna gaskiyarsa kamar yadda aka koya mana. Mu sha ruwa cikin jama'a. Magani kuwa, kada mu ajiye shi don azumi sai mun tambayi likita.