BASHIN DA AKE CI DA SUNAN GARI: WA YA SA HANNU, WA ZAI BIYA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa na Jangebe da kewaye a kan yadda ƙaramar hukuma ke cin bashi, da sharuɗɗan da ake ƙullawa da sunan jama'a ba tare da saninsu ba. 

Ya kamata 'yan'uwa su lura da wani abu a cikin Alƙur'ani mai girma. Ayar da ta fi kowace aya tsawo, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ta sauka ba, ba kuma a kan azumi ba. A kan bashi ta sauka. A cikinta aka yi umurni da a rubuta bashi, a ambaci wa'adinsa, a sami marubuci adali, a kafa shaidu, kuma wanda zai biya shi ne zai yi shifta. To idan wannan shi ne hukuncin bashin mutum biyu, ina ga bashin da za a ɗora wa gari sukutum, har da jariran da ba a haifa ba?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, kuma cin bashi a kan kansa ba haramun ba ne. Manzon Allah (S) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya kuma ari sulkuna a hannun Safwanu ɗan Umayya gabanin yaƙin Hunainu. Amma shi ɗin ne dai ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Hadisi ya kuma tabbatar da cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Saboda haka maganar ba ta wasa ba ce.

TA INA KUƊIN KE ZUWA?

Jangebe tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Talata Mafara ne, ɗaya daga cikin 14 na Jihar Zamfara, ɗaya kuma daga cikin 774 na ƙasar nan. Abin da take tarawa daga kasuwa da tasha da mahauta bai taka kara ya karya ba. Rayuwarta ta rataya ne a kan kason da ake rabawa a Abuja duk wata, inda Gwamnatin Tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na babban asusu, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60.

Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa kason ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. A nan gizo ke saƙarsa. Duk wanda zai ba ƙaramar hukuma rance ba kasuwar Jangebe yake kallo ba, wannan kaso yake kallo. Shi ne jinginar. Ana sa hannu a kan wata takardar umurni wadda ba a janye ta, cewa a riƙa cire kuɗin mai bashi tun daga tushe, kafin ko sisi ya iso gari. Malamin firamare zai iya yin wata uku yana jira, asibitin ƙauye zai iya rasa magani, amma mai bashi ba ya jiran ko kwana ɗaya.

ƘOFOFI UKU

Ƙofa ta farko ita ce banki. Shugaban ƙaramar hukuma ya kai buƙata gaban kansiloli, a nemi yardar gwamnatin jiha, banki ya ba da kuɗi da ruwa. A farkon shekarun 1990 ƙaramar hukumar Tsibirin Legas ta bi wata hanya makamanciyar wannan, ta sayar wa jama'a takardun bashi don gina kasuwar Sura. Amma irin wannan bai yawaita ba, don masu kuɗi ba su cika amincewa da hukumar da ba ta riƙe da asusunta ba.

Ƙofa ta biyu ita ce bashin da ake ciwowa daga sama, a raba wa na ƙasa nauyinsa. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ranto kuɗi daga ƙasar waje da kanta, ko jiha ma sai ta bi ta hannun Gwamnatin Tarayya. Amma idan aka zo yanka, kowa sai ya ji wuƙa. An daɗe ana cire wa jihohi da ƙananan hukumomi kuɗi don biyan ƙasashen Kulob ɗin Faris, daga baya aka yarda cewa abin da aka cire tsakanin 1995 da 2002 ya wuce ƙima. Aka fara mayarwa daga 2016, sai ga wasu da suka kira kansu masu ba da shawara suna neman ladan Dala miliyan 418 daga cikin kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ƙofa ta uku ba ta da takarda, kuma ta fi muni. Ɗan kwangila ya yi aiki ba a biya shi ba, ma'aikaci ya yi wata ba albashi, tsoho ya aje aiki yana bin fanshonsa har ya koma ga Allah. Wannan ma bashi ne, sai dai an ci shi da ƙarfin tsiya daga hannun raunana.

SHARUƊƊA HUƊU

Idan aka ce an ciwo bashi, yawancin mutane adadin kuɗin kawai suke tambaya. Alhali dafin yana cikin sharuɗɗa.

Na farko shi ne ruwa. Akwai tsayayye, akwai mai hawa da sauka wanda ke bin ma'aunin Babban Banki. A watan Nuwamban 2024 wannan ma'auni ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bankunan kasuwa sukan ɗora nasu a kai. Wanda ya sa hannu a kan ruwa mai hawa ya miƙa wuyansa ga abin da bai san ƙarshensa ba.

Na biyu shi ne wa'adi, kuma a nan ake yaudarar jama'a. A ƙaddara an ranci Naira miliyan 100 da ruwa kashi 30, za a biya wata-wata cikin shekara 3. Jimillar biya za ta kai kimanin miliyan 153. A ƙaddara kuma an ranci wannan miliyan 100 ɗin da ruwa kashi 9 kacal, amma cikin shekara 20. Jimillar za ta kai kimanin miliyan 216. Na biyun ya fi daɗin ji, kuma shi mai mulki ya fi so, domin shi zai kashe kuɗin a zamaninsa, biyan kuwa ya faɗa kan waɗanda za su zo bayansa. Masu kare dogon wa'adi sukan ce ai darajar Naira faɗuwa take yi, don haka biyan gobe ya fi sauƙi. To wa ke ɗaukar zafin faɗuwar Nairar, in ba mai sayen kwanon gero ba?

Wannan lissafi ba almara ba ne. A 2015, da albashi ya gagari jihohi da yawa, Babban Banki ya shirya musu rancen ceto da ruwa kashi 9 na tsawon shekara 20, Zamfara ta sami kimanin Naira biliyan 10. Shekara 20 daga 2015 ita ce 2035. 'Yan matan nan 279 da aka ɗauke daga makarantar sakandaren Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, Allah ya kuɓutar da su bayan 'yan kwanaki, ba su wuce firamare ba lokacin da aka ƙulla wannan rance. Kafin wannan wa'adi ya cika da yawansu sun zama iyaye. Ba a tambaye su ba, ba a tambayi iyayensu ba.

Na uku shi ne irin kuɗin da za a biya da shi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 495.3 don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, ciki har da Bakolori da ya ratsa ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Irin wannan rance ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa mai tsawo. Amma a shekarar da aka ƙulla shi Dala ɗaya ba ta wuce Naira 160 ko kusa da haka ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Bashin bai ƙaru ba a takarda, amma nauyinsa a Naira ya ninka kusan sau goma.

Dattawan wannan yanki sun fi kowa sanin illar aikin da aka ƙulla a bayan idon jama'a. An gama madatsar Bakolori a 1978 ta hannun kamfanin Impresit na Italiya, manoma suka rasa gonaki, suka nemi diyya. A watan Afrilun 1980, zamanin mulkin Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Bayan shekara talatin da 'yan kai kuma sai da aka ciwo bashi don gyara aikin.

Na huɗu shi ne abin da za a yi da kuɗin. Bashin da aka gina kasuwa ko aka haƙa rijiya da shi ya bar abin nunawa. Wanda aka sayi motocin alfarma ko aka yi hidimar zaɓe da shi kuwa, ba abin da ya bari sai wasiƙar biya.

SU MA DOKARSU BA SU BI

Abin mamaki shi ne ko dokar da suka rubuta da hannunsu ta shar'anta abubuwa. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce kowane matakin gwamnati ba zai ci bashi ba sai don ayyukan gina ƙasa da gina ɗan Adam, da ruwa mai rangwame da wa'adi mai tsawo, tare da yardar majalisa. Ta ce sai an bayyana manufar bashin da lissafin amfaninsa, ta kuma hana bankuna ba da rance sai sun ga shaidar an cika sharuɗɗa. Wane ne a cikin 'yan'uwa ya taɓa ganin an liƙa irin wannan bayani a ƙofar sakatariya?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda da shugabannin riƙo na naɗi ba. Watanni da yawa bayan haka ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta yi ta kukan ba a aiwatar ba. Amma ya kamata a hango wani abu tun yanzu. Duk ranar da kason ya zauna sosai a hannun ciyaman, ranar ce bankuna za su yi layi a ƙofarsa. Idan ba ido a kansa, ɓarnar da ake yi a babban birni ce za ta sauko gida.

HUKUNCIN ALLAH

Duk abin da aka ambata na kashi 9 ko kashi 30, sunansa ɗaya a shari'a: riba. Ayoyin da suka gabaci ayar bashi a Suratul Baƙara sun halatta ciniki sun haramta riba, sun kuma yi wa wanda ya ƙi bari shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa. Ba a ware hukuma ba. Tarihi ma ya isa wa'azi. Sarkin Masar Isma'ila ya ci bashin Turawa har ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigin Suwez a 1875, a 1876 masu bashi suka kafa ofishin riƙe kuɗin shigar ƙasar, a 1882 sojan Ingila suka shigo. Da alƙalami aka fara cin Masar kafin a zo da bindiga.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a gidan mulki. Gwamna uku ya ba Zamfara: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. A Gusau aka ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999. To shari'ar da ta shiga kotu, ta shiga kasuwa, me zai hana ta shiga baitulmali? Ba za a ce babu mafita ba. Akwai rance mai kyau marar ruwa, akwai cinikin murabaha da ake bayyana ribarsa tun farko, akwai ijara, akwai waƙafi. A 2013 Jihar Osun ta tara Naira biliyan 11.4 ta hanyar sukuk don gina makarantu, a 2017 Gwamnatin Tarayya ta tara biliyan 100 don hanyoyi. Sai dai a kula, sunan Larabci kaɗai ba ya halatta ciniki. Dole ne a ga kadarar da ido, malamai masana su duba ƙullin, kada a sa wa riba rawani a ce ta musulunta.

AIKIN DA KE KAN MATASA

Ba a neman kowa ya yi zagi ko jifa. Abin da ake nema shi ne sani da tambaya. Kowace mazaɓa tana da kansila, kuma gidansa ba ɓoyayye ba ne. 'Yan'uwa su haɗu, su sami masu ilimin lissafi a cikinsu, su je da ladabi da takarda a rubuce su tambaya: Nawa ake bin wannan ƙaramar hukuma? Wa ke bi? Da wane ruwa, zuwa wace shekara? Nawa ake cirewa duk wata? Ina aikin da aka yi da kuɗin? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da za a kafa hujja da ita. In an amsa, a karanta wa jama'a. In an ƙi, ƙin ma amsa ce, a sanar da jama'a.

Sannan kowa ya fara da kansa. Matashin da ke cin bashin mai shago ya canza hanya, ba shi da bakin tuhumar ciyaman. A rubuta bashi ko na ɗan'uwa ne, a biya a kan lokaci, a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wanda zai biya shi ne ke da haƙƙin yin shifta, kuma a bashin gari jama'ar gari ne masu biya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare al'umma daga nauyin bashi da rinjayen azzalumai, ya warware wa duk mai bashi bashinsa, ya dawo da aminci a wannan ƙasa.