Shayar Dutse Da Itatuwan Ɓaure

Yau zancenmu na tsuntsu ne. Wani zai ce ina ruwan manomi da tsuntsun da ba ya cin gero, ba a kuma kai shi kasuwa. To, ku dakata tukuna ku ji.

Kowa a nan ya san shaya. Ita ce tsuntsuwar nan mai sheƙi kamar an buga shuni, mai idanu rawaya, wadda kan taru garke guda a kan ɓaure tana ta surutu. Akwai kuma 'yar'uwarta mai dogon wutsiya da kan sauko ƙasa kiwo a gefen gari. Carki ma, da ke bin shanu yana cire musu kaska, danginsu ne na kusa. Waɗannan na fili ne. Amma akwai waɗansu 'yan'uwansu biyu da ba su zama sai a tudu, su nake so in ba ku labari.

Ta fari mu kira ta shayar dutse. Tsawonta kamar inci 10 ne ko fiye kaɗan. Namijin baƙi ne wul, da sheƙi. Macen kuwa kanta da wuyanta toka-toka ne. In suna zaune sai ka ce baƙaƙen tsuntsaye ne kawai. Sai sun tashi ka ga dogayen gashin fukafukansu ja, kamar jan ƙasa. Da wannan ake gane su. Kukansu fito ne mai zaƙi, ana jinsa daga nesa tsakanin duwatsu. Yawanci biyu-biyu suke yawo, miji da mata. Ba su sheƙa a kogon itace yadda shayar fili ke yi. Tsagar dutse suke nema, ko bakin kogo inda ruwa ba ya bugu, su ɗora sheƙarsu can.

Ana samunta a duwatsun Jos, da na ƙasar Kamaru, har can Mali. Manyan duwatsu masu tsaguwa irin na Riruwai su ne irin mazaunin da take so. Wani Bature ɗan Ingila, Boyd Alexander, shi ya fara rubuta bayaninta a 1908, bayan ya ratsa ƙasar nan daga Kwara zuwa tafkin Chadi, ya wuce har kogin Nilu. Ya sa mata sunan wani masanin tsuntsaye Bajamushe, Neumann. Lalle kuwa mutanen duwatsu sun san ta tun kafin Bature ya zo.

Ta biyu ta fi wannan ƙanƙanta, Turawa na kiranta da sunan Waller. Ita ba a ganinta sai a kurmin kan dutse, inda sanyi da hazo suke, kamar tudun Obudu da duwatsun iyakarmu da Kamaru, wajen Mambila. Can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, ya kusa ƙafa 8,000. Wannan tsuntsuwa a ƙololuwar itatuwa take kiwo, a kogon itace take ƙwai. Abin mamaki, in ka bar duwatsun nan namu da na Kamaru ba ka sāke ganinta sai ka yi tafiyar ɗaruruwan mil zuwa duwatsun gabashin Afirka, su Kenya da Tanzaniya. Masana sun ce dalili shi ne yanayin duniya ya sha sauyawa. A wani zamani irin wannan kurmi ya fi haka faɗi, daga baya ya janye ya saura a kan tuddai kaɗai, kamar tsibirai. In aka sare kurmin dutse guda, tsuntsayensa ba su da maƙwabcin da za su koma wurinsa.

To, me suke ci? Suna cin ƙwari, amma babban abincinsu 'ya'yan itace ne, musamman dangin ɓaure: ɓaure kansa, da cediya, da durumi, da gamji. Nan ne maganar take. Kun taɓa ganin itacen ɓaure ya fito daga tsagar dutse, can sama inda ko akuya ba ta hawa? Wa ya shuka shi? Tsuntsu ne, ko jemage. Ƙwayar ɓaure ƙanana ce ƙwarai, tana wucewa ta cikin tsuntsu ba ta lalace ba, ta faɗi tare da kashinsa. Ga iri, ga taki. Haka kuma cediya kan tsiro a kan giginya ko wani itace, ta sako saiwa ƙasa. Ba aljani ba ne, aikin tsuntsu ne.

Ɓaure kuma yana rama alheri. Itatuwansa ba su yin 'ya'ya duk lokaci ɗaya. Wannan ya nuna yau, wancan sai bayan wata biyu, har da rani sa'ad da sauran itatuwa ba su da kome. Saboda haka ɓaure guda a bakin rafi rumbu ne ga tsuntsaye da birai da jemagu.

Yanzu ku dubi ƙasarmu. Kogin Kano daga tuddan kudu yake tasowa, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya zuba a madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974. Ruwan nan shi masu noman rani na Kadawa da Kura ke ban ruwa da shi. Saiwar itatuwan bakin rafi da na gangaren dutse ita ke riƙe ƙasa. In babu su, ruwan sama kan kwashe ƙasar ya zuba a kogi, kogi ya kai ta Tiga, ta kwanta a gindin madatsa, wurin ajiye ruwa ya ragu. Duk wanda ya bi hanyar Jos daga Kwanar Dangora ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Ban ce mai gawayi mugu ba ne, yana da iyali, mutanen birni kuma su ke saye. Amma itacen da ya shekara 50 yana girma, da hantsi ɗaya ake kayar da shi.

Ni dai abin da nake roƙo kaɗan ne. In kuna sharar gona, ku bar ɓaure da gamji, ko ma dai itacensu ba ya gawayin kirki. Ku bar tsohon itace mai kogo, gama nan shayar fili ke ƙwai. Ku hana yara hawa tsagar dutse da damina neman 'ya'yan tsuntsu, ga haɗarin faɗuwa, ga maciji. Wanda kuma hanya ta kai shi duwatsu, ya sami ɓauren da ya nuna, ya zauna ƙarƙashinsa da sassafe, ya yi shiru. In baƙin tsuntsu ya tashi, ya dubi fukafukin.